Filin Tambaya da Amsa: Mai Kimanta Gida Zai Zo, Me Zan Tanada?

Wasiƙu uku ne suka haɗu a hannuna a wannan wata a kan magana ɗaya, wato zuwan mai kimanta gida, kuma dukansu daga cikin garin Damagaram suka fito. Na taƙaita su, na kuma cire sunaye kamar yadda muka saba a wannan fili.

Tambaya ta farko

Assalamu alaikum, Malam. Ni ɗan kasuwa ne, ina da shagon kayan masarufi a Kasuwar Dole, kuma ina da gida a Karkada wanda na saya shekara 9 da suka wuce. Na nemi rance a banki don in ƙara jari, sai suka ce dole su turo ƙwararre ya kimanta gidan kafin su karɓe shi jingina, kuma zai zo nan da mako uku. Ginin bulo ne da rufin kwano, ɗaki huɗu da falo, amma bangon gabas ya tsage, fenti kuma ya koɗe. Babban ɗana ya ce mu kashe jika 400, wato sefa dubu 400, mu yi fenti, mu sa karo, wato tayil na daɓe, a falo. Takardar filin tana nan, sai dai har yanzu sunan wanda ya sayar mini ne a kanta. Da me ya kamata in fara?

Daga wani Alhaji a Karkada

Amsa

Wa alaikumus salam, Alhaji, Allah ya buɗa kasuwa. Ka kawo maganar takarda a ƙarshen wasiƙarka kamar wani ɗan abin da ka tuna bayan ka gama, alhali ita ce kan maganar gaba ɗaya. Jika 400 ɗin nan a riƙe su tukuna, kada ko gwangwanin fenti ɗaya ya shigo gidan sai an san inda aka kwana game da sunan da ke kan takardar.

Dalilin kuwa shi ne mai kimantawa, wanda ma'aikatan banki suke kira esfer, yana fara aikinsa tun kafin ya taka ƙofar gidanka. Abin da yake so ya fara tabbatarwa shi ne wane ne mai wannan wuri a idon hukuma, ina iyakarsa, murabba'in mita nawa ne, kuma idan biya ya gagara, ko za a iya sayar da shi ba tare da wani ya fito daga baya ya ce nasa ne ba. Takardar da ke hannunka, in na fahimce ka daidai, ita ce wadda ma'aikatar magajin gari take bayarwa bayan an yanka filaye, wadda muke kira akti da sesiyo, kuma tana ɗauke da lambar fili, da lambar rukunin filayen, da faɗin wurin, da sunan wanda aka ba. Muddin sunan wancan mutumin ne a kai, to a wurin banki gidan nasa ne, kai kuwa mazauni ne mai riƙe da takardar ciniki, ko da ka shekara 9 kana sharar ƙofar. Saboda haka gobe da safe ka ɗauki takardar filin, da takardar cinikin da kuka yi a gaban shaidu, da katin shaidarka, ka tafi ma'aikatar magajin gari ka nemi a juya sunan zuwa naka. Idan wanda ya sayar maka yana raye, ka neme shi tun yau, domin samun sa hannun mutum ɗaya a wannan mako ya fi sauƙi nesa ba kusa ba a kan tara magadansa goma sha wani abu bayan ransa, wasu a Kano, wasu a Agadas, wasu ma ba su taɓa jin labarin cinikin ba.

Sama da wannan takarda akwai titir fonsiye, wato takardar mallaka ta dindindin da ofishin filaye da awo na hukumar haraji yake bayarwa bayan an yi wa wurin rajista. Nijar tana cikin ƙasashen da ke bin dokokin kasuwanci na OHADA, ƙungiyar da ta haɗa wa wasu ƙasashen Afirka dokokin kasuwanci bai ɗaya, kuma dokarsu ta jingina, wadda aka sake wa fasali a 2010, ta ce gida ko fili mai rajista ne ake ɗora wa jinginar banki. Tun 2006 hukuma ta kawo gajeruwar hanyar samun wannan takarda, wadda aka sa wa suna Shaida, amma har yau mutane da yawa ba sa tunawa da ita sai ranar da banki ya tambaya. Ka koma wurin ma'aikacin da ke riƙe da takardun rancenka, ka tambaye shi kai tsaye ko za su fara aiki da takardar magajin gari da sharaɗin a fitar da titir daga baya, ko kuwa sai titir ɗin ya fito tukuna. Idan mako uku ba zai isa ba, gara ka roƙi a ɗaga ranar zuwan esfer da a rubuta a rahotonsa cewa mallakar gidan ba ta tabbata ba, domin irin wannan jimla guda ɗaya ta isa ta kwantar da rance wata da watanni.

Sauran takardun ba su da wuya. Ka haɗa izinin gini da taswirar ginin in akwai su, da takardun biyan wutar NIGELEC da na ruwa na watannin baya, da rasit ɗin harajin gida in kana biya, da duk wata shaidar gyaran da ka yi tun da ka shiga, ko rasit ɗin siminti ne ko na ƙarfe ko na kwano. Ka ba shi kwafi, ka nuna masa na asali ya gani da idonsa, amma kada na asali ya bar hannunka.

Daga nan sai iyaka, wadda mutane suka fi mantawa da ita. Ka fita ka nemi turakun simintin da masu awo suka kafa a kusurwoyi huɗu na filin, ka tone su in ƙasa ta rufe su, ka sa yara su ja mita daga wannan zuwa wancan, ku gani ko awon ya yi daidai da abin da ke rubuce. Idan takarda ta ce mita 20 sau 20, wato murabba'in mita 400, to wannan ne za a kimanta, ba abin da katanga ta kewaye ba. Dakali ko ɗan shagon da aka tura cikin hanya ba ya shiga lissafi, kuma yana iya zama abin da za a rubuta a kanka. Haka nan idan katangar maƙwabci ce ta ci naka, ya fi kyau ku zauna ku biyu da mai unguwa ku daidaita tun yanzu, maimakon maganar ta tashi a gaban baƙo yana riƙe da mita.

To, yanzu mu zo ga yadda ake fitar da kimar, domin wanda ya san yadda ake lissafin shi ne ya san inda zai sa kuɗinsa. Hanya ta farko ita ce kwatantawa: nawa aka sayar da gidaje masu kama da naka a unguwarku ko kusa da ita a ƴan kwanakin nan. Kuɗin da aka biya a hannu ake nufi, ba wanda dillali ya yi wa gida kirari da shi a majalisa ba. Hanya ta biyu ita ce a ɗauki kuɗin filin shi kaɗai, a ƙara abin da za a kashe yau a gina irin wannan gini, sannan a cire abin da tsufa da lalacewa suka ci. A matsayin misali kawai, idan fili ya kai miliyan 4, gina irin gidan a yau zai ci miliyan 10, kuma esfer ya ga tsufa ya cinye kashi 30 cikin 100 na ginin, to zai rubuta miliyan 4 da miliyan 7, wato miliyan 11. Hanya ta uku ta kuɗin haya ce, kuma ta fi aiki a kan shaguna da gidajen da aka gina don haya, kamar ɗakunan da ɗaliban Jami'ar André Salifou suke kamawa. A gidan zama irin naka, hanyoyi biyun farko ne za su yi magana.

Idan ka dubi wannan lissafi za ka ga rabin kimar ba a hannunka take ba. Ko gidan yana bakin kwalta ko yana cikin lungun da mota ba ta shiga, ko titin ƙofarka yana cikin waɗanda aka gyara a lokacin Zinder Sabuwa, shirin gyaran garin don bikin ranar Jamhuriya a 2018, ko ruwan sama yana wucewa ko yana kwana a ƙofar, duk waɗannan esfer zai gan su tun yana kan babur. Akwai kuma maganar ruwan sha, wadda duk ɗan Damagaram ya san nauyinta: garin yana zaune a kan dutse, daga nesa ake jawo masa ruwa, daga wurare irin su Gogo Machaya da Arunguza da Ganaram, kuma gidan da famfonsa yake kawo ruwa ba farashinsa ɗaya ba da gidan da ke jiran ƴan garuwa kullum safiya. Idan kana da tanki ko ma'ajiyar ruwa ta ƙasa, ka nuna masa, ka faɗa masa yawan abin da take ci.

Rabin da ke hannunka shi ne wancan kason da ake cirewa saboda lalacewa, kuma a nan ne tsagewar bangon gabas ta fi fenti da karo muhimmanci. Na taɓa raka wani dattijo mai wannan aiki zuwa wani gida a Sabon Gari, muka tarar an sha fenti kwana biyu kafin zuwanmu, har ƙaurinsa yana hawa kai. Bai ce komai ba. Ya zaro makullin babur ɗinsa ya riƙa ƙwanƙwasa bango yana tafiya a hankali, inda shafe ya kama bulo sai ka ji ƙwas, inda ya rabu da shi sai ka ji bango yana amsawa kamar ganga. Da ya kai kusurwa sai ya tsuguna, ya goga babban yatsansa a gindin bangon, ya ɗago shi da farin gari kamar kanwa, ya juya ya tambayi mai gidan, “Alhaji, ruwan watan Agusta ta ina yake fita?” Mai gidan ya yi shiru. Da muka fito dattijon ya ce mini sabon fenti a bango ɗaya tak, ko a gida gaba ɗaya ana gobe zai zo, yana sa shi ya ninka dubawa ne, domin ya san akwai abin da aka lulluɓe.

Saboda haka ka kira magini mai amana ya dubi tsagewar. Idan siririya ce kamar gashi kuma a kan shafe kawai ta tsaya, wannan aikin rabin yini ne. Idan kuwa ta bi layin bulo tana hawa kamar matakala, ko ta fi faɗi a sama, ko ƙofa da tagar da ke kusa da ita sun fara cijewa wajen rufewa, to alama ce ta cewa ƙasa tana motsi a ƙarƙashin harsashin ginin, kuma sau da yawa ruwa ne mai laifin: ko indararo yana zuba a gindin bango, ko ramin masai ya yi kusa da ginin, ko kwatar wanka tana jiƙa wurin shekara da shekaru. A fara kawar da ruwan, sannan a buɗe tsagewar a ɗaure ta da ƙarfe da siminti yadda ya kamata, ka ɗauki hoto kafin aiki da bayansa, ka ajiye rasit. Ranar da esfer ya zo, kai da kanka za ka kai shi wurin ka ce ga abin da ya faru, ga abin da aka yi. Ranar wanka ba a ɓoyon cibiya, kuma tsagewar da aka gyara aka nuna ta fi wadda aka shafe aka yi shiru daraja a rahoto.

Abin da ya rage daga kuɗin sai ya tafi ga kwanon da ke yoyo da silin da ruwa ya yi wa tabo, da wayoyin wutar da ke rataye a fili, da famfon da ke ɗiga, da murfin ramin masai in ya fashe, da ƙyauren da ba ya kulluwa. Karo a falo kuwa ina ganin a bar shi. Kwalliyar ba lalle ta biya kuɗin sabulu ba, domin karon jika 250 da aka shimfiɗa a gidan da bangonsa ke motsi ba zai ƙara jika 250 a kima ba, kuma zai iya tsagewa da damina mai zuwa. Idan an gama gyaran gaske akwai saura, farar ƙasa ko fenti mai sauƙi ba laifi ba ne. Shara da kwashe tarkace daga tsakar gida kuwa ba sa cin ko dala, kuma suna ba mai dubawa damar ganin gindin kowane bango.

Ranar zuwansa ka kasance a gida da kanka, kuma ka sanar da iyali tun da wuri, domin zai shiga kowane ɗaki, har da na uwargida da kicin da banɗaki da ɗakin ajiya, zai auna, zai ɗauki hotuna. A kintsa, a tanadi makullan duka ɗakunan, domin ɗakin da aka ce makullinsa yana hannun wanda ya yi tafiya, esfer zai ɗauka mafi munin hali yake ciki. Ka amsa abin da ya tambaya, shekarar da aka yi ginin, shekarar da aka sake kwano, zurfin harsashi in ka sani, amma kada ka bi shi ɗaki ɗaki kana faɗa masa nawa kake so ya rubuta. Idan ka san wani gida a layinku da aka sayar kwanan nan kuma kana da tabbacin kuɗin, ka faɗa masa, wannan taimako ne ga aikinsa. Ka kuma shirya zuciyarka a kan cewa banki ba ya ba da rance daidai da kimar da aka rubuta, domin yana lissafin abin da gidan zai kawo idan aka sayar da shi cikin gaggawa, sannan yana duba abin da shagonka yake shigarwa kowane wata, tunda daga nan biyan zai fito.

Tambaya ta biyu

Malam, barka da aiki. Mahaifinmu ya rasu bara, ya bar gidan ƙasa a Birni mai zaure da soro biyu da ɗakuna biyar. Magada su ne mahaifiyarmu, da maza biyu, da mu mata uku, kuma iyayensa sun riga shi rasuwa. Babban yayanmu ya kawo wani dillali wanda ya leƙa ya ce gidan miliyan 6 ne, yayan kuma ya ce zai biya kowa rabonsa ya riƙe gidan. Wata maƙwabciyarmu ta ce an sayar da wanda bai kai shi girma ba fiye da haka. Ina jin nauyin yayana, ba na so a ce ni ce mai raba zumunci, amma hankalina bai kwanta ba. Yaya za mu yi?

Daga wata ƴar'uwa a Birni

Amsa

Allah ya jiƙan Baba, ya sa ya huta, ya ba ku haƙuri. Ƴar'uwa, neman a sake kimanta gidan gado ba rashin kunya ba ne, kuma ba zargin yayanki ba ne, domin rabon da Allah ya yanka wa kowa ba ya tabbata sai an san haƙiƙanin abin da ake rabawa. Bari in nuna miki da lissafi abin da bambancin kima yake yi. Bayan an biya bashin mamaci an zartar da wasiyyarsa in akwai, mahaifiyarku tana da tumuni, wato kashi ɗaya cikin takwas, saura kuma a raba shi kashi bakwai, namiji biyu, mace ɗaya. Idan gidan miliyan 6 ne, Inna za ta sami jika 750, ke ma jika 750, kowane namiji miliyan ɗaya da rabi. Idan kuwa a ce kimarsa ta gaskiya miliyan 8 ce, Inna tana da miliyan ɗaya, kowace mace miliyan ɗaya, kowane namiji miliyan biyu. Ke kaɗai jika 250 ce tsakanin lissafin biyu, kuma idan aka haɗa na dukanku, miliyan ɗaya da rabi ne zai zauna a wurin mai sayen, ko da bai yi nufin cin haƙƙin kowa ba. Ban ce gidan ya kai miliyan 8 ba, tunda ban gan shi ba. Abin da nake cewa shi ne leƙen mutum ɗaya bai isa a gina rabon mutum shida a kansa ba.

Dillali ya san kasuwa, ba a raina saninsa, amma la'ada yake ci, kuma kunnensa yana wurin wanda ya kawo shi. Abin da ya dace shi ne ku yi zaman gida, da wani kawu ko baffa da kowa yake jin maganarsa, ku amince a kan mutum biyu ko uku da ba su da alaƙa da juna: ƙwararren mai kimantawa wanda zai ba da rahoto a rubuce, da tsohon magini wanda ya san ginin ƙasa, da wani dillali na daban wanda ku mata kuka zaɓa. A biya su daga cikin dukiyar gadon, kowa ya faɗi nasa ba tare da ya ji na ɗan'uwansa ba, kuma kowane magaji ya halarta ko ya turo wakili. Idan kina jin nauyin furtawa da bakinki, ki bi ta wurin Inna ko kawun, a kawo maganar da sunan kare yayan naku daga surutun gobe, wanda kuma gaskiya ne, domin gidan da aka saya a kan kimar da ake shakka, jikoki ma sai sun tayar da zancensa.

Game da shirya gidan kuwa, gidan ƙasa a Birni lissafinsa daban ne da na bulo a sabuwar unguwa. Yawancin darajarsa tana cikin filin da matsayinsa, wato faɗinsa, da kusancinsa da fada ko babbar hanya, da ko mota tana iya kaiwa ƙofar. Ginin kansa ana duba shi ne ta sama da ta ƙasa. A sama za a dubi azara, a soka ta da wuƙa ko ƙusa a ji ko gara ta cinye cikinta ta bar ɓawo, a dubi daɓen rufi da indararo. A ƙasa za a dubi gindin bango, inda ruwa yake zaizaye ƙasa a hankali har bangon ya tsaya a kan siririyar ƙafa. Duk wanda yake garin nan a farkon Satumba na 2024, lokacin da ruwan sama ya rushe tsohon masallacin Birni da ya tsaya tun tsakiyar ƙarni na 19, ya san cewa tun daga wannan damina masu saye suka ƙara tsoron ginin ƙasa, kuma mai kimantawa zai tambayi shekarar da aka yi wa gidan yaɓe na ƙarshe. Ku kwashe kayan da aka jibge a soraye da ɗakunan da ba a kwana, a buɗe su su sha iska, a ɗaga labule da tabarmin da aka rufe bango da su. Amma kada wani magaji ya kashe kuɗinsa a babban gyara kafin a raba, sai da yardar kowa a rubuce, domin daga baya zai ce a biya shi, wata rigimar kuma ta buɗe. Haka nan idan akwai ɗakin da ɗaya daga cikin ƴaƴan ya gina da kuɗinsa tun Baba yana raye, a faɗe shi a gaban shaidu kafin masu kimantawa su shigo, a san ko kyauta ce ko yana cikin gado.

Gidaje da yawa a Birni sun girmi takarda, tunda unguwar tana nan tun kafin Turawa su zo, balle a yi maganar yankan filaye. Idan naku yana cikinsu, ku nemi shaidar mai unguwa da ta maƙwabtan da kuka haɗa katanga da su a kan mallaka da iyaka, sannan ku karɓo takardar shaidar magada da ta zaman iyali daga kotu, domin da su ne za a iya juya gidan zuwa sunan wanda ya saya, ko yayanku ne ko wani.

Akwai wata tambaya guda da dattawa suke warware irin wannan da ita cikin ruwan sanyi, wato a tambayi wanda ya kawo kimar ko ya yarda ya sayar da nasa rabon a kan wannan kuɗin idan wani magajin ne zai saya. Idan ya yarda da zuciya ɗaya, kimar tana kusa da gaskiya. Sannan ki sani cewa a mazhabar Malikiyya da muke bi, abokin tarayya a gidan da ba a raba ba yana da haƙƙin shufu'a, wato ya fi bare cancantar sayen rabon ɗan'uwansa, amma a kan kuɗin da baren ya saya, ba a kan ragi ba. Idan bayan an san kimar gaskiya kuka ga dama ku sassauta wa yayanku don gidan Baba ya zauna a hannun ɗansa, wannan alheri ne da ke da lada, kuma kowa ya yafe daga nasa rabon kaɗai, ban da na maraya ƙarami in da akwai shi a cikin magada. Idan kuma magana ta ƙi daidaituwa a gida, akwai malaman da suka san rabon gado, akwai alƙalin fada, akwai kotu.

Tambaya ta uku

Malam, an kimanta gidana a Garin Malam, sai kuɗin ya fito ƙasa da abin da na kashe wajen gina shi. Wani abokina ya ce laifina ne da ban ba esfer goro ba. Gaskiya ne? Kuma akwai abin da zan iya yi yanzu?

Daga wani malamin makaranta

Amsa

Malam, abokinka bai ba ka shawarar kirki ba. Ladan esfer sananne ne, ana faɗarsa tun farko, ana kuma biyansa da rasit. Abin da aka miƙa a bayan wannan don a canza lamba sunansa rashawa, ko da an kira shi goro, kuma zai iya jawo wa mai bayarwa da mai karɓa abin da ya fi ƙarancin kima ciwo. Ruwan sanyi da kujera a inuwa sun isa karɓar baƙo.

Cewa kimar ta gaza abin da ka kashe kuwa ba abin mamaki ba ne, musamman ga wanda ya yi gini da albashi, ɗaki bana, ɗaki baɗi, yana sayen siminti buhu biyar biyar a farashin da ya samu, wani lokaci ma a rushe abin da magini na farko ya ɓata a sake. Duk wannan kuɗi ne da ya fita daga aljihunka, amma mai saye ba zai biya shi ba. Haka nan wanda ya gina gida mai tsada a layin da sauran gidajen masu sauƙi ne, unguwar tana jawo kimarsa ƙasa.

Duk da haka esfer mutum ne, yana iya kuskure. Ka nemi kwafin rahoton ka zauna da shi da mita a hannu: ka duba ko faɗin filin ya yi daidai da na takardarka, ko an ƙidaya duka ɗakunan, ko awon ginin daidai ne, ko an rubuta rufin kankare a matsayin kwano, ko an manta da tanki ko katanga ko shagon da ke cikin iyakarka, ko shekarar ginin da aka sa ta girmi ta gaskiya. Idan ka sami kuskure irin wannan, ka rubuta wa wanda ya turo shi takarda cikin ladabi, ka jera wuraren ɗaya bayan ɗaya tare da kwafin shaidarka da hotuna, ka nemi a gyara ko a turo wani ya sake dubawa. Ka tambaya tun farko wa zai biya kuɗin dubawa ta biyun, domin galibi a kan mai gida take faɗawa.